Tambayi Likita: Tukunyar Amarya, Asmar Yaro da Allurar Rigakafi

Tun da wani faifan bidiyo kan tukwanen girki ya fara yawo a WhatsApp, wasiƙun da ke shigo mini suka koma magana ɗaya. Na tsamo uku. Ta farkon ce ta fi tsaya mini a rai, don haka ita za ta fi cin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti Likita. Ɗana na fari shekararsa shida, tun yana ɗan shekara uku yake fama da asma, ga borin jini da ke taso masa jefi-jefi har ya kwana yana susa. Kwanan nan ƙanwar maigidana ta tura bidiyo a zauren danginsu, wai tukwanen nonistik akwai wata guba a jikinsu da ba ta fita daga jini har abada, ita ke kawo asma tana kashe garkuwar jiki. Saiti biyu aka yi mini a kayan ɗaki, da su nake girki shekara bakwai. Yanzu Hajiya ta ce in fitar da su daga gidan ɗanta, ni kuma tun ranar nake ganin kamar da hannuna na jawo wa yaron ciwo. Don Allah gaskiya ne? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai ki sauke dutsen nan da kika ɗora wa ƙirjinki. Ba ke kika jawo wa yaronki asma ba, kuma da wuya ƙwarai a ce tukunyarki ce. Sai dai mai bidiyon bai ƙirƙiro maganar daga iska ba. Gaskiya ya samo cikin cokali, ya yi ta zuba mata ruwa har ta cika tulu.

Sinadaran da yake nufi ana kiransu PFAS. Dangi ne babba, sun kai dubbai, kuma abin da ya haɗa su shi ne wani ƙulli tsakanin kabon da fulorin wanda rana ba ta kwance shi, ruwa ba ya kwance shi, ƙwayoyin da ke ruɓar da shara ma sun buga sun bari. Wannan taurin kan ne ya sa masana'antu suka so su, domin ruwa ba ya kama su, maiƙo ba ya kama su. A 1938 wani masanin sinadarai na kamfanin DuPont, Roy Plunkett, ya yi tuntuɓe da wanda aka raɗa wa suna Teflon, wato shafen da ke cikin tukunyarki. Daga nan 'yan'uwansa suka shiga rigar ruwa, da kafet ɗin da ba ya kama datti, da takardar naɗe abinci mai maiƙo, da kumfar kashe gobarar fetur, har da wasu janbakin da ke wuni a leɓe ba su goge ba.

Biyu daga cikinsu, PFOA da PFOS, su aka fi bincika. Idan suka shiga jiki furotin ɗin jini suke maƙale wa, ƙoda ta tace su, ta sake mayar da mafi yawansu ciki. PFOA kan ɗauki shekara biyu zuwa huɗu kafin rabinsa ya fita, PFOS wajen biyar. Ke nan “har abada” ɗin da aka faɗa muku ya fi zama gaskiya a cikin ƙasa da ruwa. A jikin mutum suna fita, sai dai tafiyar hawainiya. Tun da kamfanin 3M ya daina yin PFOS a farkon shekarun 2000, adadinsa a jinin Amurkawa ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Shanun wani manomi ne suka fasa ƙwan. A kusa da garin Parkersburg na jihar Bajiniya ta Yamma a Amurka, Wilbur Tennant ya ga garkensa na mutuwa bayan shan ruwan rafin da ke gangarowa daga juji na kamfanin DuPont. Lauyansa Rob Bilott ya bi maganar shekara da shekaru, har aka gwada jinin mutum kusan 69,000 na yankin, waɗanda suka sha ruwa mai PFOA. Kwamitin masana uku da aka naɗa ya kammala aikinsa a 2012, ya ce akwai alamar alaƙa da cututtuka shida: kansar ƙoda, kansar 'ya'yan maraina, ciwon maƙoƙo da danginsa, gyambon babban hanji, yawan kitse a jini, da hawan jinin masu ciki. Ki lura da abin da babu a jerin. Sun duba asma, suka ce ba su ga alaƙa ba, alhali waɗannan mutane sun fi kusan kowa a duniya shan sinadarin.

To ina maganar garkuwa ta fito? Yadda nake yi wa iyaye bayani a ɗakin duba yara shi ne, garkuwar jiki maigadi ce, kuma maigadi kan lalace ta fuska biyu. Akwai mai barci ɓarawo ya tsallako katanga. Akwai kuma mai zumuɗi, wanda kyanwa in ta gifta sai ya tashi unguwa da ihu da harbi. Asma da borin jini aikin mai zumuɗin ne. Ƙura ko kashin kyankyaso ya shiga, jiki ya ƙera wani makami da ake kira IgE, makamin ya hau kan wasu ƙwayoyi masu ɗauke da histamin a fata da hanyar numfashi, ranar da ƙurar ta dawo sai su fashe. Nan za ki ga fata ta yi ruɗu-ruɗu, hanci na zuba, ƙirji na kukan usur.

Game da barcin maigadi, hujja ta yi ƙarfi, zan kuma kawo ta a amsar Malam da ke ƙasa. Game da zumuɗinsa kuwa, wanda shi ne tambayarki, bakin masana bai zo ɗaya ba. A jikin ɓera an gani: a wani gwaji na 2007 a Amurka an shafa wa ɓeraye PFOA a fata, aka haɗa su da furotin ɗin farin ƙwai, sai IgE ɗinsu ya hau, hanyar numfashinsu ta ƙara saurin tsukewa. A Taiwan a 2013 an kwatanta yara 231 masu asma da 225 marasa ita, aka ga masu asmar sun fi yawan sinadarin a jini. Amma irin wannan binciken hoto ne na rana ɗaya, ba ya nuna wanda ya riga wani zuwa. A Hokkaido ta Japan, inda aka bi yara tun suna ciki, sakamakon ya juya baya: 'ya'yan matan da suka fi wasu nau'o'in sinadarin su suka fi ƙarancin ƙaiƙayin fata. Wannan ba kyakkyawan labari ba ne, domin mai yiwuwa maigadin ne ya yi nauyin barci har kyanwar ma bai gani ba. Ni dai abin da na ɗauka shi ne sinadaran suna taɓa garkuwa, babu ja, amma duk wanda ya ce miki su suka sa wa wani yaro takamaimai asma, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin iliminsa.

Mu koma kicin. Shafen da ke cikin tukunya doguwar sarƙa ce mai nauyi, hanji ba ya iya tsotse ta. In ɓarɓashinsa ya bi miya ya shiga ciki, yadda ya shiga haka zai fita. PFOA wajen ƙera shafen ake amfani da shi, shi ya sa masifar ta fi faɗa wa ma'aikatan masana'anta da maƙwabtansu, kuma manyan kamfanoni sun daina amfani da shi fiye da shekara goma. Abin tsoron tukunyar wuta ce. In aka bar ta babu komai a kan gas ta haura digiri 260, shafen ya fara lalacewa, in ta ƙara gaba ta fitar da hayaƙin da ke sa zazzaɓi da tari, yana ma kashe tsuntsun keji. Wannan hayaƙin kam bai dace da ƙirjin ɗanki ba. Don haka kada ki ɗora ta fanko ki tafi amsa waya, ki juya da muciya ko ludayin katako, ki raba ta da soson waya. Tawa 'yar ta taɓa yi wa kaskon suyar ƙwaina wankin tsarki da soson waya, wai tana son ya yi fari kamar sauran. Ya yi farin, na kuwa mayar da shi mazubin ruwan kaji. Wadda ta kwarzane haka ki yar, masu lafiya ki ci gaba da amfani da su.

Ki kuma roƙar mini Hajiya, cikin ladabi, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Tukwanen da ake narka tarkacen alminiyam a zuba a kasuwa, gwaje-gwaje a Kamaru da wasu ƙasashe sun nuna da yawansu na sakin dalma a abinci, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana wa'azi. In za a sauya, a nemi ta bakin ƙarfe mara tsatsa ko ta ƙasa.

Yanzu ni ma ina da tambayoyi. Ina kike ajiye kaskon turaren wuta, kuma sau nawa a rana kike kunna shi? Na san abin da nake taɓawa, ni ma mace ce, na tashi a ɗakin da in ba a ga hayaƙin turare na fita ta taga ba sai a ce matar gidan ba ta da lafiya. Amma na sha ganin yaro ya kwana uku a gadon asibiti, a sallame shi garau, a kai shi ɗakin da aka turare don murnar dawowarsa, kafin asuba a dawo mana da shi yana haki. Ki duba maganin sauron da ake kunnawa a rufe ƙofa, da inda janareta ke fitar da hayaƙinsa, da murhun icce ko gawayi, da kyankyasan bayan kabad, da kafet da katifar da ba ta ganin rana, da hazon hunturu. Waɗannan babu gardama a kansu. In kika bar su kika kama tukunya, an bar jaki ana dukan taiki. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwon ya tashi, abin da ya ci, da abin da aka kunna a ɗaki. Wata biyu ya isa ki fara gane ɓarawon, ki tafi wa likitansa da littafin.

Abu ɗaya kuma, tun da na san inda bidiyon gaba zai dosa. Iskar da ke tura magani a abin shaƙar asma tana da fulorin, man goge haƙori ma yana da fuloraid. Na farkon numfashi ke fitar da shi nan take, na biyun gishiri ne da ba ya cikin wannan dangi. Kada kowa ya raba yaron da abin shaƙarsa.

TAMBAYA: Likita, na ji an ce Turawa da kansu sun gano wannan sinadari yana hana allurar rigakafi aiki. In haka ne, mene ne amfanin mu riƙa kai jarirai ana tsira musu allura suna kwana da zazzaɓi? Ina da jaririya 'yar wata biyu, an yi mata ta farko, ina tunanin dakatarwa. Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Malam, Allah ya raya ta. Rabin abin da ka ji gaskiya ne, amma hukuncin da ka ciro daga ciki a kife yake.

Ga asalin maganar. Akwai wasu tsibirai a tsakiyar teku tsakanin Norwe da Aislan, ana ce musu Faro, mutanensu na cin kayan teku sosai har da naman ƙatuwar dabbar nan wel, wadda ke tara guba a jikinta. Farfesa Philippe Grandjean da abokan aikinsa sun bi yara 587 na can tun daga haihuwa, duk an yi musu rigakafin mashaƙo da na sarƙewar haƙora. A sakamakon da suka fitar a 2012, in sinadarin ya ninka a jinin yaro, makaman da allurar ta sa jikinsa ya ƙera sun ragu da kusan rabi lokacin da ya kai shekara bakwai. A 2020 aka fitar da makamancinsa daga nan Afirka ta Yamma, a Gini Bisau, kan jarirai 237. Sinadarin da ke jininsu kaɗan ne in aka kwatanta da na yaran Turai, amma duk da haka ninkin PFOS ya zo da raguwar makaman ƙyanda da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Wannan na biyun ya fi tayar mini da hankali, domin ya nuna nisa da masana'anta bai tsare kowa ba, ruwan sama da kifi da kayan da muke shigowa da su sun isar da saƙon.

Hukumomi sun ɗauki abin da gaske. A 2016 shirin binciken guba na gwamnatin Amurka ya ce a ɗauki PFOA da PFOS a matsayin haɗari ga garkuwar ɗan Adam. A 2020 hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar abin da mutum zai ci na sinadaran nan a nanogiram 4.4 (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram) a kowane kilo na nauyinsa a mako, kuma kan raunin amsa rigakafi a jarirai ta gina lissafin. A 2024 Amurka ta sa iyakar nanogiram 4 a litar ruwan sha ga kowane ɗaya cikin PFOA da PFOS. In kana son ganin ƙanƙantar wannan, ka jefa ƙwayar gishiri biyu ko uku a tankar ruwa mai lita 33,000.

To Malam, ka sake karanta kalmar da na yi amfani da ita: raguwa. Yaran Faro mafi yawansu sun samu kariya, ƙarfinta ne bai kai yadda ya kamata ba a jikin wasu. Mutumin da aka ce masa katangar gidansa ta fi ta maƙwabci gajarta, bulo zai ƙara, ba rushe ta zai yi ba. Shi ya sa allurar nan mai haɗe da biyar, wadda ta mashaƙo ke ciki, sau uku ake yin ta, a sati 6 da 10 da 14, ta ƙyanda kuma a wata 9 a maimaita a wata 15. Kowace maimaitawa bulo ce. Jaririn da garkuwarsa ke amsawa da nawa, shi ya fi kowa buƙatar a cika masa.

Kai ɗan Kano ne, ba sai na ba ka labarin mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022 ba, jiharku ce ta fi kowace ɗanɗana shi. Na tsaya a kan yara masu kumburarren wuya, da wata fatar toka-toka da ta rufe maƙogwaro, uwa na riƙe da kofin ruwa yaro ya kasa haɗiya. Da muka riƙa tambayar katin rigakafi, mafi yawansu babu, ko an yi ɗaya an bari. Zazzaɓin kwana ɗaya da kake ji wa 'yarka, farasitamol ɗin yara da nono suna sauke shi.

Nonon ma kada a taɓa shi. Gaskiya ne sinadarin na bi ta mahaifa da ta nono, amma masanan da suka auna hakan su ne dai ke cewa a ci gaba da shayarwa, domin kariyar da ke cikin nono daga gudawa da limoniya ta rinjayi wannan nesa ba kusa ba. Ranar da sati goma ya cika, ka ɗauki katin da kanka ka raka su.

TAMBAYA: Hajiya Likita, ni ma'aikacin kashe gobara ne a filin jirgi, shekara 14 ina aiki da kumfa, wani lokacin har wasa muke da ita wajen atisaye. Abokina ya ce in je wanzami ya yi mini ƙaho jinin gubar ya fita, wani kuma yana tallar maganin wankin jini. Wanne zan yi?

AMSA: Ɗan'uwa, a cikin ku ukun kai ne ka fi cancantar damuwa, domin kumfar kashe gobarar mai tana cikin manyan hanyoyin da sinadaran nan ke shiga mutane. A garin Ronneby na Suwidin, a 2013 aka gano kumfar atisayen wani sansanin jiragen soja ta gurɓata ruwan shan kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen garin. Yarjejeniyar Istokholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, wadda Najeriya da Nijar ke ciki, ta taƙaita PFOS tun 2009, ta sa PFOA a jerin haramci a 2019, amma tsohuwar kumfa kan daɗe a durom a sito.

Abokinka ya ɗan kusanci wani abu. A Ostireliya an gwada 'yan kwana-kwana 285 na tsawon shekara guda, aka fitar da sakamako a 2022: waɗanda suka riƙa ba da gudummawar ruwan jini duk sati shida, sinadarin ya ragu musu da wajen kashi 30 cikin ɗari, masu ba da cikakken jini duk sati 12 ma ya ragu, amma bai kai haka ba. Wannan leda-leda ake ɗiba, a asibiti, bayan an auna ƙarfin jinin mutum. Abin da ƙaho ke tsotsowa bai kama ƙafar wannan ba. Mai maganin wankin jini kuwa aljihunka zai wanke, ya bar wa ƙodarka aiki.

Ka daina taɓa kumfar da hannu tsirara, ka yi wanka kafin ka ci abinci bayan atisaye, kuma kayan aikin su tsaya a wurin aiki, kada uwargida ta jiƙa su a baho ɗaya da na yara. Ku yi wa shugabanninku magana a duba takardar da ke jikin duroman, domin yanzu akwai kumfa marar fulorin, a kuma daina barin ruwan atisaye yana kwarara inda rijiyoyin unguwa suke. In gidanka na kusa da filin, ka sani tafasa ruwa ba ya cire wannan, sai ma ya ƙara masa kauri. Matatar gawayin da aka sarrafa ko injin tace ruwa mai matsi ne ke rage shi. Duk shekara ka auna kitsen jini, da aikin hanta da ƙoda da maƙoƙo, ka gaya wa likitan irin aikin da kake yi tun kafin ya tambaya. Ka kuma tuna yaushe rabonka da allurar sarƙewar haƙora. In ta haura shekara goma, da irin ƙarafan da kuke kutsawa ciki, ka je a sabunta maka ita cikin satin nan.